Jagorar Raba Gida da Ɓeraye a Yamai, Mataki Bayan Mataki

Mafi yawan magidanta a Yamai, idan ɓeraye suka addabe su, abin da suke fara yi shi ne neman mai tallar maganin kusu a Katako ko a kasuwar Wadata, su sayo ƙullin gari, su barbaɗa a kan ragowar tuwo, su ajiye a bayan ƙofa. Bayan kwana biyu za a tsinci mushe uku ko huɗu, a yi hamdala, amma kafin wata ya zagayo gujeguje a cikin rufin ɗaki sun dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. Dalili shi ne an fara aikin daga inda ya kamata a ƙare shi. Guba tana rage waɗanda suke cikin gida a yau, ba ta hana na gobe shigowa, domin abincin da ya jawo na farko yana nan inda yake, ramin da suka biyo kuma a buɗe yake. Tsarin da yake aiki yana da jerin da bai kamata a birkita ba: a san wanda ake fama da shi, a hana shi abinci, a toshe masa hanya, a ɗana tarko, guba kuwa sai idan ta zama dole.

Jinkiri ma yana da tsada. Macen ƙaramin ɓeran gida tana ɗaukar ciki na kwana 19 zuwa 21, tana haifar ƴaƴa biyar zuwa takwas a haihuwa ɗaya, ƴaƴan kuma suna isa haihuwa cikin mako shida zuwa takwas. Saboda haka ɓeran da aka gani ya gifta a tsakar gida da rana tsaka ba shi kaɗai ba ne, alama ce ta cewa sun yi yawa har ɓoyo ya gagare su.

Da farko a san wanda ake fama da shi

Binciken da masana na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta AGRHYMET suka gudanar tare da abokan aikinsu na Faransa a unguwannin Yamai, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa ɓeran da ya fi yawa a gidajen birnin shi ne ɗan ƙasa mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Shi ne mai haƙa rami a gindin bangon laka da ƙarƙashin daɓe, kuma yakan haifi ƴaƴa goma ko fiye a lokaci guda. Babban baƙin ɓera mai doguwar wutsiya, gwanin hawa azara da wayar lantarki, da kuma ƙaramin ɓeran gida, an fi samun su a kewayen kasuwanni da tashoshin mota da manyan mangazoji, domin a cikin kaya suke shigowa. Wannan bambanci yana da amfani ga maigida: idan ɓarnar daga ƙasa take, aikin na daɓe ne da gindin bango, idan daga sama ake jin motsi, sai a ɗauko tsani a duba rufi. Jaba mai dogon baki da wari ba ta cikin wannan lissafi, ƙwari take ci, ba hatsi ba.

Alamun suna karantuwa ga wanda ya natsu ya duba. Kashin ƙaramin ɓera bai wuce ƙwayar shinkafa ba, na babban kuwa yakan haura santimita ɗaya. Sabon kashi baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho kuma ya yi toka-toka yana marmashewa, kuma da wannan ake rarrabe hanyar da suke bi yanzu da wadda suka bari. A duba gindin bango da gefen azara, za a ga wani baƙin maiƙo ya yi zane, wanda jikinsu ke bari saboda yawan bin wuri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a tankaɗe toka mai laushi, a barbaɗa ta siriri a gindin bangon madafi da mangaza da bakin ƙofofi bayan sallar isha'i, da asuba a haska fitila a bi sawu. Za a ga ƴan tafuka da jan wutsiya a tsakiya, daga inda suka fito har inda suka ci. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da sheƙarsa, yawanci mita uku zuwa goma ne iyakar yawonsa, don haka inda sawu ya fi yawa, gidansa yana nan kusa. Kowane rami da aka gani a cusa masa takarda ko tsumma. Wanda aka tarar an ture da safe, shi ne mai rai.

A ɗauke abincin

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan mataki shi ne mafi wuya, domin yana neman a canja al'adar gida, ba sayen wani abu ba, kuma shi ne wanda idan aka tsallake shi sauran duk ɓata lokaci ne. Ɓeran da ya ƙoshi da gero ba zai kalli tarko ba.

Ƙaramin ɓera gram uku kacal yake ci a yini, kuma yana iya rayuwa da ɗan danshin da ke cikin abinci ba tare da ya nemi ruwa ba. Ma'anar haka ita ce ƙanzon da aka bari a tukunya, da tsabar da ta zube a gindin turmi, da ɓarɓashin burodin da yaro ya zubar a kan tabarma, sun ishi gida guda na ɓeraye kwana. A wanke kwanonin dare a daren, ba a jiƙa su a bari sai safe ba. A share wurin daka da wurin tankaɗe kafin a kwanta. Ragowar tuwon da za a ɗumama a rufe shi da murfin ƙarfe mai nauyi, ba da faifai ba, haka ƙwaryar hura. A cikin hadisi ma an umurci mutane da su rufe ƙoransu kuma su kashe fitilu idan za su kwanta, aka ambaci ɓera da sunansa a matsayin mai jan lagwani ya ƙone gida.

Hatsi shi ne babban al'amari. Buhun leda ko na algarara ba ya tare haƙorin ɓera, wanda ke ci gaba da tsiro muddin yana raye, shi ya sa ba ya barin gaigayar abu. Gero da shinkafa da masara da wake da ake ci yau da kullum a juye su cikin tanon ƙarfe mai murfi, ko bokitin roba mai kauri wanda murfinsa ke kamawa, ko bidon man girki da aka wanke ya bushe sarai. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur ba a saka masa abinci ko da an wanke shi sau goma. Buhunan da suka yi yawa a ɗora su a kan katako ko bulo, sama da ƙasa, kuma a janye su daga bango gwargwadon yadda mutum zai iya ratsawa da tsintsiya, domin ɓera yana son buhun da ya jingina da bango, inda ido ba ya kaiwa. Buhu mai ciki uku na PICS, wanda manoman wake suka sani, yana tsare ƙanshin abin da ke ciki, amma shi ma idan ɓera ya huda shi amfaninsa ya ƙare, saboda haka yana buƙatar irin wannan ajiya. A Tawa da ƙauyukan Adar, inda rumbun laka ke zaune a kan duwatsu, abin lura shi ne kada a bar kara ko itace ya jingina da rumbu ya zama tsani, kuma a riƙa share ƙarƙashinsa a yaɓe tsagar da damina ta bari.

Akwai wurin da mutane da yawa ke mantawa da shi, wato turken dabbobi. Gidan da ake kiwon ragon layya ko kaji ko tattabaru, buhun dusa da tarin harawa su ne ainihin masaukin ɓera, ba madafi ba. Dusa ita ma ta shiga tano, a riƙa ba dabba abin da za ta cinye kafin magariba, a kife kwanon idan ta gama. Harawa a ɗora ta a kan rumfa nesa da ɗakin kwana. Shara a fitar da ita kullum, ko a zuba ta a mazubi mai murfi. Tsofaffin kwalaye da tsummoki da katifar da ta mutu da tayoyin da aka jibge a bayan ɗaki, duk kayan sheƙa ne, a rabu da su.

A toshe hanya

Ƙaramin ɓera yana kurɗawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ko 7 ba, wato duk inda fensir ya shiga shi ma zai shiga. Da wannan ma'auni za a zagaya gida, ciki da waje, da fensir a hannu ɗaya da alli a ɗaya hannun, ana sa alama a duk inda aka samu.

Wurin farko shi ne ƙasan ƙofa. Yawancin ƙofofin ƙarfe da ake ƙerawa ana barin musu tazarar yatsa biyu daga daɓe. Maganinsa shi ne a kira mai walda ya ƙara falle a ƙasa, ko a ɗaga dokin ƙofa da siminti har ta riƙa rufuwa daidai. Ƙofar katako kuwa a buɗe gwangwanin madara ko na tumatir, a daddale shi, a buga da ƙusa a gefen ƙasa inda suke gaigaya. Wuri na biyu shi ne rariya, wadda ke fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke zuwa waje: ta nan ɓerayen kwata da na makwabta ke shigowa kowane dare. Ba za a toshe ta ba, sai dai a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a kama gefenta da siminti, a riƙa kwashe dattin da ta tare. Ragar sauro ta roba ba ta yin wannan aiki, a dare ɗaya za su yaga ta. Daga nan sai inda tiyon famfo da wayar lantarki suka huda bango, da tazarar da ke tsakanin kwanon rufi da kan bango, da tagogin iska, da murfin masai.

Ƙananan kafofi a cusa musu soson ƙarfe na wankin tukunya, a danna shi da kyau, sannan a shafe da siminti. Soson shi kaɗai yana tsatsa ya zube, simintin shi kaɗai kuma kafin ya bushe suna iya tone shi. Manyan ramuka na gindin bango a fara cika su da tsakuwa da fasassun kwalabe, a daddanna da itace, a rufe da kwaɓin siminti da yashi. A gidan laka, inda siminti ba ya kama bango da kyau, a kwaɓa lakar da tsakuwa da garin kwalba, a sa safar hannu mai kauri wajen yaɓawa, kuma a shafe saman da laka zalla don kada yaro ya yanke. Tsumma da kwali da leda da katako mai laushi ba toshiya ba ce.

Akwai tsari a nan da ya kamata a kiyaye. Kafofin da ke haɗa gida da waje, su ake fara rufewa, a rana ɗaya in da hali. Ramukan cikin ɗaki da aka tabbatar akwai ɓera a ciki a bar su buɗe na ƴan kwanaki da tarko a bakinsu, sai an ga takardar da aka cusa ta kwana biyu ba a ture ta ba sannan a rufe. Idan aka yi gaggawar liƙe su, ko dai su huda sabuwar kafa a wani wuri, ko su mutu a cikin bango, ɗaki ya gagari shiga saboda ɗoyi.

Tarko

Tarkon katako ko na ƙarfe mai maƙata shi ne abin da na fi amincewa da shi, domin yana kashewa nan take, ana ganin abin da aka kama, kuma ba ya barin komai da zai cutar da yaro ko kaza daga baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen guda ɗaya. Daren farko shi ne aka fi kamu, kafin su farga, don haka gara a ɗana shida ko goma a dare ɗaya da a ɗana ɗaya har dare goma. A sayi girman da ya dace: babban tarko ƙaramin ɓera yana cinye abincinsa ya tafi bai tashi ba, ƙarami kuma ba ya riƙe babba.

Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, bango yake bi yana shafa shi da gashin bakinsa. A ajiye tarkon a gicciye, bakinsa mai abinci yana taɓa bango, ta yadda ko daga dama ya fito ko daga hagu zai taka. A bar tazarar mita biyu zuwa uku tsakanin tarko da tarko, a kan hanyar da toka ta nuna: bayan tano, ƙarƙashin gado, bayan firji, gindin buhu. Idan na sama ne, a ɗaure tarkon da waya a jikin azara. Abin da za a sa masa ya zama mai ƙanshi: tunkuza, ƙuli-ƙuli, gutsuren busasshen kifi, kilishi, ko soyayyar albasa. Kaɗan ake sawa, gwargwadon ƙwayar wake, a shafa shi ya manne ko a ɗaure shi da zare, don sai ya ja da ƙarfi kafin ya samu. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, shi ya sa ake ajiye masa tarko da abinci dare biyu ko uku ba a ɗana ba, sai ya saba ci sannan a ɗana duka a dare guda. Ƙaramin kuwa mai shisshigi ne, ba ya buƙatar wannan. Gidan da ke da mai rarrafe, a ɗana bayan yara sun yi barci a kwashe da asuba, ko a kifa kwali mai ƙofa biyu a kai. Tarkon da ya kwana uku bai kama ba a canja masa wuri.

Wanda ba shi da halin saye yana iya cika bokiti da ruwa zuwa rabi, ya barbaɗa dusa ko ƙaiƙayi har ruwan ya ɓuya, ya jingina katako ya zama matakala. Yana kamawa, amma ba a barinsa inda ƙaramin yaro zai kai, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Allon gam kuwa ban ba da shawararsa ba: dabbar tana kwana tana fisge-fisge, tana fitsari da kashi a wurin, ga shi yana kama ƙadangare da ƴan tsaki. An halatta kashe ɓera, amma an umurce mu da kyautata kisa. Wanda ya yi amfani da shi ya duba da wuri ya ƙarasa abin da ya kama nan take.

Kwashe mushe da kashi

Fitsarin ɓera da kashinsa suna ɗauke da cuta. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne aka sani da ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma yake ɓulla kowace shekara a Najeriya, ana samunsa kuma a Gini da Saliyo da Laberiya. A ɓerayen lambunan bakin kogi a nan Yamai an gano ƙwayar cutar leptospirosis, wadda ke bin fitsari ta shiga ruwa. Saboda haka ba a share busasshen kashi da tsintsiya, ƙura ta tashi a shaƙa. A buɗe ƙofa da taga rabin awa, a haɗa ruwan javel kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a jiƙa wurin, a jira minti biyar, a goge da takarda ko tsumman da za a yar. Ba a haɗa javel da wani maganin wanki. Mushe a yayyafa masa wannan ruwa, a sa hannu cikin leda a ɗauke shi, a juya ledar a ƙulle, a binne da zurfi. Jefa shi kan titi ko bayan katanga mayar da matsalar ne ga makwabci. A wanke hannu da sabulu. Dafaffen abincin da ɓera ya taɓa a zubar, wanda kuma ɓera ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya tafi likita a ranar.

Idan guba ta zama dole

Wani lokaci, musamman a mangaza ko shago ko gidan da ke jikin kasuwa, tarko ba ya isa. To a nan a san abin da ake saye. Garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda, ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai sayarwar. Wani baƙin gari ne mai warin tafarnuwa, wanda ke sakin iska mai kisa a cikin ciki, kuma ba shi da makari. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona ba a yi su don a zuba a abinci a ajiye a ɗaki ba. Ƙwayar nan da ake sawa a buhun wake, irin su Phostoxin, da zarar ta ji danshi take fitar da iskar da ke ratsa bango da rufi. Jefa ta a ramin ɓera a ɗakin kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi, ya sha kashe mutane suna barci.

Abin da ya dace shi ne dunƙulen guba mai tsinka jini, irin mai bromadiolone ko brodifacoum, a cikin kwalinsa na asali, mai ɗauke da lambar amincewar kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari. Wannan ba ya kashewa nan take, yana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai, don haka ɓera ba ya gane abin da ya cutar da shi, kuma likitoci suna da makarinsa, wato bitamin K1. Ba a ajiye shi a fili. A yanko tiyon roba mai tsawon kamu biyu, a soke dunƙulen da waya a ɗaure shi a tsakiya, a kwantar da tiyon a gindin bango a danne da bulo. A ƙirga nawa aka sa, a riƙa dubawa ana ƙarawa har su daina ci, sannan a kwashe ragowar. Kowace safiya a nemi mushe kafin kyanwa ko kare ko kaza su riga, domin gubar tana wucewa ga wanda ya ci.

Idan yaro ya haɗiya, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kuma kada a ce ai ga shi yana wasa lafiya lau, tunda mai tsinka jini sai bayan kwanaki take nuna kanta. A ɗauke shi tare da kwalin maganin a nufi asibiti mafi kusa.

Kyanwa, makwabta da lokacin sake dubawa

Kyanwa tana taimakawa wajen hana sababbi zama, amma ba ta share gidan da ya riga ya cika, ba ta kuma shiga rami ko rufi. Kafur da barkono da ƴan na'urorin da ake cewa suna korar ɓera da ƙara, kwana kaɗan suke yi ya saba da su.

A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ɗakuna ke jere ƙarƙashin rufi guda, aikin mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina, domin ɓeran da aka kora daga wannan ɗaki ta saman bango zai sauka a na gaba. A zauna da sauran ƴan haya a tsayar da mako guda da kowa zai kwashe kayansa ya ɗana tarko, a kuma tuntuɓi mai gidan kan gyaran rariya da ƙofar waje da murfin masai, tunda waɗannan haƙƙinsa ne. Idan an yi mako biyu tarko bai kama ba, toka ba ta nuna sawu ba, sai a rage tarkunan a bar biyu a madafi da mangaza. Zagayen fensir da alli kuwa a maimaita shi sau biyu a shekara: a watan Mayu kafin ruwan farko, domin damina tana cika ramukan waje ta koro su cikin ɗakuna, da kuma watan Oktoba lokacin da sabon hatsi ke shigowa daga ƙauye. Kowane buhu da aka sauke daga mota a zazzage shi a tsakar gida a duba kafin a shigar da shi mangaza.